Gidauniyoyin Tallafa wa Matasa: Tsakanin Ba da Jari da Shigar da Matashi Cikin Mutane

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki, sa'annan ta kafa Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, batun rashin aikin matasa bai bar bakin mahukuntan Nijeriya ba. Abin da ya sauya shi ne masu ɗaukar nauyin, domin a yau wani kaso na wannan aiki ya koma hannun gidauniyoyi masu zaman kansu. Akasarinsu kuwa manufa biyu suke ambatawa a tare, wato sama wa matashi abin yi da kuma haɗe shi da al'ummarsa. Wannan maƙala za ta dubi gidauniyoyi biyu, ɗaya a Birtaniya ɗaya a Nijeriya, domin ta nuna cewa ana iya cim ma manufa ta farko a bar ta biyu, kuma harshen da gidauniya take kiran matasa da shi yana da hannu a cikin haka.

2.0 Kalmomin da Ake Aiki da Su

Kalmar "gidauniya" ta daɗe a Hausa da ma'anar kuɗin da mutane da dama suka zuba wuri guda. A amfanin zamani ne ta faɗaɗa ta ɗauki ma'anar ƙungiyar da aka yi wa rajista, mai amintattu da ofis da kundin dokoki, wadda sau da yawa dukiyar mutum ɗaya ce tushenta. Ta wannan fuska ta fi kusa da "waƙafi", kalmar da Hausa ta aro daga Larabci, wato dukiyar da aka tsayar domin amfanin jama'a.

Manufa ta biyu ita ce ta fi wuyar fassara. Gaggawa kan kai mai fassara ga "haɗin kai", alhali haɗin kai abu ne da ke faruwa tsakanin mutanen da kowannensu ya riga ya sami mazauni. Abin da ake nufi a nan shi ne jawo wanda yake waje. Bahaushe yana da yadda yake faɗin wannan: yakan ce wane "ya zama mutum" ko "ya shiga mutane", kishiyar "zauna-gari-banza" da "ɗan zaman kashe wando". Wanda ya shiga mutane shi ne za a ba bashin kaya ba tare da takarda ba, a ba shi aure, a kira shi wurin shawara. A nazarin da A. H. M. Kirk-Greene ya buga a 1974 kan mutumin kirki a wajen Hausawa, amana da mutunci suna cikin halayen da ya lissafa, kuma dukkansu biyu sai jama'a sun shaidi mutum da su kafin su zama nasa. Kuɗi ba ya saya wa matashi wannan shaida kai tsaye.

3.0 Misalin Birtaniya

A 1976 ne Yarima Charles ya kafa gidauniyar The Prince's Trust da kuɗin sallamarsa daga rundunar sojan ruwa, fam 7,400. Da farko ƙananan tallafi take bayarwa. Tarzomar da matasa suka yi a 1981 a unguwannin Brixton ta Landan da Toxteth ta Liverpool, inda rashin aiki da tsamin dangantaka da 'yan sanda suka haɗu, ita ce ta ƙara fito da girman matsalar, kuma a 1983 gidauniyar ta soma shirin taimaka wa matasa su kafa sana'ar kansu. Daga baya ta ƙara da wani shiri na mako 12, wanda ake haɗa matasa rukuni guda su yi aikin gayya a unguwarsu, su kuma ɗanɗana aiki a wata ma'aikata. Ya zuwa 2020 ta bayyana cewa ta taimaki matasa miliyan ɗaya. A 2024 aka sauya mata suna zuwa The King's Trust, bayan da mai ita ya hau gadon sarauta a 2022.

Abin lura a nan shi ne irin waɗanda take nema: wanda makaranta ta gagara, da wanda ya daɗe ba aiki, da wanda ya tashi a gidan reno, da wanda ya taɓa shiga hannun hukuma. Wato ke nan ta fara ne daga wanda ke waje. Sai dai kada a manta cewa a can harshen gidauniya da harshen yawancin matasan ɗaya ne, don haka wannan shinge bai tsaya mata a gaba ba kamar yadda zai tsaya a ƙasa mai harsuna fiye da 500.

4.0 Misalin Nijeriya

Gidauniyar Tony Elumelu, wadda aka kafa a Legas a 2010, ta ƙaddamar da babban shirinta a 2015 da alƙawarin kashe dala miliyan 100 cikin shekara goma domin ɗaga masu sana'a 10,000 daga ƙasashen Afirka 54. Wanda aka zaɓa yana samun horo da mai ba shi shawara da kuma jarin dala 5,000 wanda ba a biya. A zagayen farko mutum 1,000 aka ɗauka daga cikin kimanin 20,000 da suka nema, kuma a 2019 masu nema sun haura 200,000. Babu mai musun cewa wannan aiki ne babba, musamman a ƙasar da banki ba ya kallon matashin da ba shi da jingina.

To amma ta wace ƙofa ake shiga? Ana nema ne ta intanet, a rubuce, cikin Ingilishi ko Faransanci ko harshen Fotugal, daga baya aka ƙara Larabci. Mai nema zai bayyana sana'arsa da kasuwarta da hasashen kuɗin da za ta kawo. Duk wanda ya iya wannan, to makarantar boko ta riga ta shigar da shi wani sahu. Yaron da ke gyaran babur a Mile 12, ko mai sayar da albasa a kasuwar Bodija, ko gardin da ya haddace Alƙur'ani yana kuma rubuta lissafinsa da ajami, yana iya fin mai digiri sanin riba da faɗuwa, amma fam ɗin ba zai gane shi ba. Har Larabcin da aka ƙara ba lallai ya fisshe shi ba, domin karatun allo daban, rubuta tsarin kasuwanci da Larabcin zamani daban. Gidauniyar ta yi yunƙurin isa ga irin waɗannan yankuna: a 2018 ta haɗa gwiwa da Kwamitin Red Cross na Duniya domin Arewa maso Gabas da yankin Neja Delta, a 2019 kuma da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya domin ƙasashen Sahel, ciki har da arewacin Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. A ganin mai wannan maƙala, ware wa yanki kaso yana rage giɓin da ke tsakanin yankuna, amma giɓin da ke cikin gari guda, tsakanin mai boko da marar boko, yana nan inda yake.

5.0 Darasi daga Sabon Ibadan

Kafin zuwan gidauniyoyi akwai tsarin da ya riƙa yin ayyukan nan biyu a haɗe. A littafinsa na 1969, Custom and Politics in Urban Africa, Abner Cohen ya bayyana yadda Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, suka riƙe cinikin goro da na shanu ta hannun masu gida. Maigida yana saukar da baƙo, ya ajiye masa dukiya, ya tsaya masa wajen bashi, yana kuma da yaran da ke yi masa hidima da dillanci. Yaron da ya riƙe amana yakan sami ɗaki da abinci, a hankali a yi masa aure, har wata rana ya tsaya da ƙafarsa. Irin wannan ne ake gani a wajen 'yan kasuwar Ibo, inda ubangida ke sallamar yaronsa da jari bayan shekarun hidima. A tsarin nan jari shi ne yake zuwa a ƙarshe, bayan kasuwa ta san yaron. Tabbas yana da nasa aibin: ubangida na iya danne yaro shekara da shekaru, ba kotun da za a kai ƙara domin babu rubutacciyar yarjejeniya, mata kuma ba su da wuri sosai a cikinsa. Duk da haka ba a taɓa tambayar yaro ya cika fam ba, kuma ana gwada shi ne da harshen da yake ciniki da shi.

A nan ne aikin manazarta harshe yake. Fassara fam zuwa Hausa ko Yarabanci ko Ibo ko Kanuri mataki ne, amma kalmomin sukan zo da kayansu. Idan aka kira mai ba da shawara "ubangida", matashi zai sa ran ya ciyar da shi ya kuma tsaya masa, abin da gidauniya ba ta ɗauka ba. Idan aka ce "malami", zai zauna yana saurare bai yi gardama ba. Haka kalmar "tallafi", wadda yawan rabon kayan 'yan siyasa ya sa ake jinta a matsayin abin da za a ci, yayin da "jari" ke ɗauke da nauyin juyawa da kiyaye uwar kuɗi. Ana buƙatar a bi kasuwanni irin su Kantin Kwari da Alaba da Ariaria a tattara kalmomin da 'yan kasuwa da kansu suke amfani da su wajen bashi da kamasho da la'ada da haɗin jari, a gina takardun neman tallafi a kansu, sa'annan a ba mai nema damar bayyana sana'arsa da baki, a naɗa a waya, gaban alƙalan da ke jin harshensa.