Fayaman da Heluma a Layin Gagarawa

Tun da layin dogo daga Kano zuwa Nguru ya fara aiki a 1930, tashar Gagarawa ta zama ƙofar da masarautar Gumel ke fitar da gyaɗa da fatu. Labarin kayan nan ya shiga littattafai. Na mutanen da suka yi gumi a kan injin kuwa, har sunayen ayyukansu sun fara ɓacewa daga bakin jama'a.

A zamanin jirgi mai aiki da kwal, ba a wayi gari mutum ya zama direba. Sai ya fara da goge kan jirgi da zuba masa mai, daga nan ya zama fayaman, ya yi shekaru yana ciyar da wuta. A ganina, duk cikin jirgin babu wanda ya kai fayaman cancantar a tuna da shi. Tsaye yake da shebur a hannu, ga wuta a gabansa, ga zafin bazarar Gumel a bayansa. Dole ya baza kwal daidai a murhun, don in ya taru gefe guda tururi zai yi rauni, jirgi ya kasa jan taragu. Idonsa kuma ba ya barin gilashin da ke nuna ruwan tukunya: ruwa ya yi ƙasa da kima, tukunya na iya fashewa ta hallaka shi da direba.

Kwal ɗin ma da rayukan mutane aka biya shi. Daga ramukan Inugu ake haƙo shi, inda 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a Iva Valley ranar 18 ga Nuwamba, 1949.

A kan layin kuma akwai heluma da leburorinsa, masu bin layi da guduma suna ɗaure abin da ya kwance, suna kwashe rairayin da iska ta tara. Heluma shi ne shugaban leburori, kuma haka ake kiransa a ma'adinan kuzar Jos, inda aka kai dubban talakawan Arewa aikin tilas na "ɗiban gwamna" daga 1942 zuwa 1944.

Zuwan injin dizal ya kashe aikin fayaman. Waɗanda suka ga zamanin da idonsu yau sun tsufa ƙwarai, kuma ya kamata ɗaliban tarihi a Jigawa su je tashoshin Gagarawa da Malam Madori su naɗi bakinsu tun suna raye.