Me ya sa ake janye takardar bincike?

Ba komai injiniya ke aunawa da kansa ba kafin ya gina gada ko madatsar ruwa. Yakan dogara da alƙaluman da masana suka wallafa a mujallu: ƙarfin ƙasa, yawan ruwan sama, juriyar kankare. Shi ya sa sai wasu masanan sun tantance bincike kafin a buga shi.

Sai dai akwai masu sayar da takardun bogi ga malaman da ke neman ƙarin girma. Saboda irin wannan maguɗi, a 2023 kaɗai, kamfanin buga mujallu na Hindawi ya janye takardu sama da 8,000. Abin tsoron kuwa, alƙalamin ƙarya guda yana iya shiga lissafin ginshiƙi, ya kwanta cikin siminti shiru har ranar ambaliya.

Ɗalibi, kafin ka kafa hujja da takarda, bincika ko an janye ta.