Yadda Ciyawa Take Gina Jigawa a Bakin Teku

Duk wanda ya tashi a arewacin ƙasar nan ya san jigawa, ya kuma san abin da iska take yi da rairayi in ta same shi ba ciyawa a kansa. A bakin teku ma haka al'amarin yake, sai dai a can jigawar ita ce katangar da take tsakanin ruwan gishiri da gidajen jama'a. Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita wajen 850, tun daga Badagiri har iyakar Kamaru, saboda haka ya kamata kowane ɗan ƙasa ya san yadda wannan katanga take ginuwa.

Raƙuman ruwa ne suke kawo rairayi su zube shi a gaɓa. In ruwa ya janye, rana ta busar da shi, sai iskar da take tasowa daga teku ta kwashe shi ta nufi tudu. Rairayi ba ya tashi sama kamar ƙura. Tsalle yake yi dab da ƙasa, mafi yawansa ba ya kai gwiwar mutum. To, wannan shi ya ba ciyawa iko a kansa. Da zarar iska ta shiga tsakanin ganyaye sai ƙarfinta ya ragu, ta saki abin da ta ɗauko, ya taru a gindin ciyawar da kuma bayanta. Bana ɗan tsibi ne kamar tulin doya, baɗi ya haɗu da na kusa da shi, sannu a hankali har a sami doguwar jigawa tana bin gaɓa.

Binnewar da za ta kashe yawancin tsire-tsire ita ce take ƙara wa na bakin teku ƙarfi. A ƙasashen Turai akwai wata doguwar ciyawa da ake kira maram, wadda take iya jure rairayin da ya kai kusan mita ɗaya yana zubo mata a shekara. Duk sa'ad da aka binne ta sai ta miƙe sama, ta fid da sababbin saiwoyi, tsofaffin kuwa su zauna a ƙasa suna riƙe da tudun kamar ƙarafa a cikin kankare. In rairayi ya daina zuwa, sai ta fara yaushi. Da yake sama take tafiya, jigawarta takan yi tsawo da tsini. Mutanen Holan, waɗanda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasarsu yana ƙasa da bisan teku, sun daɗe suna dasa ta da hannu, suna kuma kewaye jigayin gaba da waya don kada a tattake su.

Namu tsire-tsiren halinsu dabam ne. A gaɓar Ikko, wajen Lekki da Badagiri, abin da ya fi yawa shi ne wani yaɗo ɗan'uwan duman rafi, mai jan fure da ganye a tsage kamar kofaton akuya, sai kuma wata gajeriyar ciyawa mai kama da kiri-kiri. Waɗannan shimfiɗuwa suke yi, ba miƙewa ba, don haka tudun da suke tarawa gajere ne mai faɗi. Ga kuma ruwan sama mai yawa, rairayi jiƙaƙƙe kuwa iska ba ta iya ɗaukarsa. Kada gajartar tudun ta sa a raina shi. In teku ta yi tsiya, shi take fara ci, ta ja rairayinsa cikin ruwa inda zai karya ƙarfin raƙuman, daga baya ta mayar, yaɗon ya sake kama shi. Itatuwan kwakwa da ake gani jere a baya su ma a inuwar wannan tudu suke zaune.

Ɓarna kuwa ba ta da wuya. 'Yar hanyar ƙafa guda ta isa. Inda aka tattake ciyawa ta mutu, nan iska take samun ƙofa, ta yi ta raraka har ta huda tudun, ruwa ya biyo bayanta. Kiwo da ƙona ciyawa duk haka suke yi. Amma mafi muni shi ne ɗibar yashi don gini, domin abin da tifa za ta kwashe da safe ɗaya, ciyawa ta yi shekaru tana tara shi.

Har ila yau a sani, ciyawa ba ta ƙirƙirar rairayi, tarawa kaɗai take yi. Tsakanin 1908 da 1912 an gina dogayen katangun dutse a mashigin tashar jiragen ruwa ta Ikko. Katangun suka tare rairayin da teku take korowa daga yamma zuwa gabas, ya taru a gefen yamma, gaɓar Bar Beach kuwa ta yi ta zaizayewa shekara da shekaru, har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello. A irin wannan wuri dashe ba ya magani. Sai da aka yaso rairayi daga cikin teku aka cike wurin, aka kuma jera masa manyan duwatsu, a aikin Eko Atlantic.