Kasuwancin "kawo mutum": Yadda ake mayar da abota jari a Dutsin-Ma da Kurfi

Daga garin Dutsin-Ma zuwa Kurfi da ƙauyukan yankin, gayyatar shiga sayar da kayan ƙarin lafiya ba ta cika zuwa daga baƙo ba. Aboki ne ke kawo ta, ko ƙawa, ko ɗan uwa a WhatsApp. Waɗanda aka fi nema su ne masu yawan jama'a da ƙarancin kuɗin shiga: ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, matasa marasa aiki da matan aure.

Tsarin mai sauƙi ne. Mutum zai biya kuɗin rajista, a ba shi shayin rage ƙiba, man shafawa ko ƙwayoyin ƙarin kuzari. Daga nan sai a ce masa ribar sayarwa kaɗan ce, babban samu yana cikin kawo wasu. Duk wanda ya kawo, wani kaso na kuɗinsa zai hau zuwa ga waɗanda ke samansa.

A nan lissafi ke tona asiri. Idan kowa zai kawo mutum biyar, mataki na uku na buƙatar mutum 125, na shida 15,625, na goma sha biyu kuwa sama da miliyan 244, adadin da ya yi daidai da kusan yawan 'yan Najeriya baki ɗaya. A ƙauye ba a zuwa ko'ina kafin masu shiga su ƙare. Waɗanda suka zo daga baya, kuma su ne mafi rinjaye, sukan tashi da tarin kaya a ɗaki da bashi a wuya. Shi ma abokin da ya yi gayyatar, sau da yawa kuɗinsa ne ya maƙale yake neman hanyar fanshewa.

Matsalar ba ta Najeriya kaɗai ba ce. A 2016 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta sa kamfanin Herbalife biyan dala miliyan 200, tare da sauya tsarinsa ta yadda lada zai dogara da kayan da aka sayar wa masu amfani da su. A nan gida, Dokar Zuba Jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu tafiyar da tsarin da ake biyan tsofaffi da kuɗin sababbi. Ba kowane kamfani ne ya faɗa wannan rukuni ba. Ma'aunin shi ne inda kuɗin ke fitowa.

Akwai kuma batun rai. Lambar NAFDAC a jikin kwalba ba shaida ba ce cewa abin yana warkar da hawan jini ko ciwon sukari. Majinyacin da ya ajiye maganin asibiti saboda ya yarda da ɗan uwansa na iya gamuwa da shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda.

Kafin biyan ko sisi, tambayoyi uku sun isa: Zan ci riba idan ban kawo kowa ba? Dole ne in riƙa sayen kaya kowane wata? Za a karɓi wanda ban sayar ba a mayar mini da kuɗina? Abokin da ya kasa ba da amsa a rubuce bai kamata ya ji haushin wanda ya ƙi shiga ba.