Bambancin Kanari da Jan Ƙwaro Mai Ɗigo-Ɗigo

Akwai wani ɗan ƙwaro ja, ko ruwan ɗorawa, mai ɗigo-ɗigon baƙi a baya, wanda manoma kan gani a ganyen wake da gyaɗa. Turawa suna kiransa da wani suna mai ma'anar "tsuntsun uwargida", amma fa ba tsuntsu ba ne ko kaɗan. A gwada shi da kanari, za a ga haka.

Kanari yana da ƙashi a cikin jiki, da ƙafa biyu, da huhu. Jininsa mai ɗumi ne, wajen digiri 40 ko fiye, ko da sanyi ko da zafi. Kukan nan nasa mai daɗi yana fitowa ne daga ƙasan maƙogwaro, inda hanyar iska ta rabu biyu. Shi kuwa ƙwaron ba shi da ƙashi a ciki. Ɓawon bayansa ne ke riƙe da jikin. Ƙafarsa shida, yana numfashi ta wasu 'yan ƙofofi a gefen jiki, ɗuminsa kuma yana bin na gari. Jan bayan nan murfi ne. Fukafukan tashi suna naɗe a ƙarƙashinsa.

Babban bambancin da ya shafi manomi shi ne wajen girma. Kanari kan kwanta a kan ƙwai kamar kwana 13 zuwa 14, iyaye su ciyar da 'ya'yan, kuma tun suna tsirara kowa ya san tsuntsaye ne. Ƙwaron kuwa sai ya zuba ƙwai rawaya a bayan ganye, ya yi tafiyarsa. Abin da ke fitowa tsutsa ce baƙa-baƙa, mai kama da ɗan ƙaramin kada, ba ta kama da uwarta ko kusa. Sai ta yi saɓa, ta lafe a ganye kwanaki, sa'an nan ta zama ƙwaro.

To, a nan ne ake yin ɓarna. Wanda bai sani ba sai ya fesa mata magani, alhali tsutsa guda takan cinye darɓa ɗaruruwa kafin ta girma. Darɓa kuwa ita ce ke yaɗa kuturtar gyaɗa, cutar da ta halaka gonaki masu yawa a jihohin Arewa a 1975.

Sai dai akwai danginsa masu cin ganyen kabewa da guna. Su launinsu dishi-dishi ne, da ɗan gashi-gashi a baya. In an yi shakka, a kai wa malamin gona ya duba kafin a yi feshi.