Gayyar Masana a Ingila: Shirin Alvey

A cikin shekarar 1982 Gwamnatin Japan ta tara manyan kamfanonin ƙasarta, ta ɗora musu aikin ƙera kwamfuta mai tunani irin na ɗan Adam. Da labari ya kai Ingila sai hankalin Gwamnati ya tashi, don gudun kada a bar ƙasar a baya. Saboda haka a 1983 ta kafa wani shiri, aka sa masa sunan John Alvey, shugaban kwamitin da ya kawo shawarar.

Aka yanke za a kashe fam miliyan 350 cikin shekara biyar, miliyan 200 daga baitulmali, saura daga aljihun kamfanoni. Amma fa da sharaɗi: galibi ba a ba kamfani ko anini sai ya haɗa kai da wani kamfani ko jami'a, watau kamar aikin gayya. Gwamnati ta biya rabin abin da kamfani ya kashe, na jami'a kuwa ta biya duka.

Ilmi dai ya ƙaru, malamai da 'yan kasuwa sun saba da juna. Ciniki kam bai biyo baya ba. A 1990 kamfanin Fujitsu na Japan ya saye kashi 80 cikin 100 na ICL, babban kamfanin kwamfuta na Ingila.