Wa Ya Kwashe Rumbun Travis CI?

Ranar Talata, 13 ga Maris 2018, jim kaɗan bayan ƙarfe sha biyu na rana agogon GMT, masu shiga shafin travis-ci.com suka fara cin karo da abin da ba su taɓa gani ba. Shafin na buɗewa lafiya lau. Mutum ya shiga da asusunsa na GitHub kamar kullum, a karɓe shi babu gardama, amma sai ya tarar da wayam. Babu ayyukansa, babu tarihin gwaje-gwajen da aka yi masa, sai ka ce yau ya fara zuwa wurin.

A lokacin, Travis CI kamfani ne da ke birnin Balin na ƙasar Jamus. Sana'arsa gwaji: duk sa'ad da mai rubuta manhaja ya tura gyara zuwa GitHub, injunan Travis su ɗauki aikin su gwada shi, su faɗa masa ko gyaran ya ɓata wani abu. A wancan lokacin yana da shafi biyu: wanda ya ƙare da .org na masu aikin kyauta ne da kowa ke iya gani. Wanda ya ƙare da .com kuwa na masu biyan kuɗi ne, waɗanda rubutun manhajarsu sirri ne. Shi ne abin ya shafa.

Tambayar farko da ke tasowa ita ce: in har bayanai sun salwanta, me ya hana shafin faɗuwa? Amsar na cikin yadda ake gina irin wannan manhaja, hawa-hawa. Hawa na sama shi ne abin da ke gudana a burauzar mutum, wanda ido ke gani. Na tsakiya shi ne API, mai karɓar buƙata, ya yanke hukunci, ya mayar da amsa. A ƙasa kuma akwai rumbun bayanai, wanda a nan PostgreSQL ne. Kowane hawa da na kusa da shi kaɗai yake magana, kuma ba ya leƙa cikin ɗan uwansa. Rumbun bai mutu ba a ranar. Yana nan yana amsa kira. Abin da ya same shi umarni ne guda mai suna TRUNCATE, wanda ke kwashe duk layukan da ke cikin tebur amma ya bar teburin tsaye da sunansa da ginshiƙansa. An yi wa dukkan teburan haka. Don haka da API ya tambayi rumbu ko ya san wane, rumbu ya ce bai san shi ba. Wannan kuwa amsa ce ingantacciya, ba alamar lalacewa ba. API ya yi abin da aka koya masa ya yi wa baƙo: ya buɗe masa sabon asusu. Kusan minti talatin aka yi a haka kafin ma'aikata su rufe shafin su fara dawo da bayanai daga kwafin ajiya. Gaba ɗaya, shafin ya yi kimanin awa biyar da rabi ba ya aiki.

Da an tsaya nan, da labarin ya zama na asarar rabin yini kawai. Amma bayan an dawo da komai, sai wani abu mafi tayar da hankali ya ɓullo. Wasu mutane suka buɗe shafin suka tsinci kansu a cikin asusun wasu. Ba su saci kalmar sirrin kowa ba, ba su ma yi yunƙurin komai ba. A shafin da kamfanoni ke ba amanar sirrin aikinsu, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma duk wanda ya ji zai fara zargin kutse.

Bakin zaren shi ne, waɗanda abin ya faru da su duk suna da abu ɗaya da ya haɗa su: sun shiga shafin a cikin minti talatin ɗin nan da rumbu ke fanko. To me ya rage a hannunsu daga wancan lokacin, alhali an shafe duk abin da aka rubuta a rumbu an maye gurbinsa da kwafin ajiya? Shaidar shiga. Idan mutum ya shiga, API na ba burauzarsa wata shaida mai sa hannu wadda ke nuna lambar asusunsa, burauza ta adana ta a wurinta, ta riƙa nuna ta duk lokacin da ta dawo. Dawo da rumbu bai taɓa abin da ke cikin burauzar mutane ba. Hawa na ƙasa ya koma baya, hawa na sama bai koma ba.

Saura a gane yadda lambar wani ta zama ta wani. PostgreSQL na da maƙirga da ke raba lambobi bi da bi, kowane sabon asusu ya karɓi ta gaba. TRUNCATE ba ya mayar da wannan maƙirga farko sai an ce masa ya yi. A ce, don misali, asusun ƙarshe kafin ɓarnar yana da lamba 5,000. Wanda ya fara shiga rumbu fanko ya samu 5,001, na bayansa 5,002. Da aka dawo da kwafin ajiya, waɗannan asusun na wucin gadi suka ɓace, maƙirgar ma ta koma kan 5,000. Sabon mutum na gaskiya da ya yi rajista bayan haka sai aka ba shi 5,001. Can kuma ga wani riƙe da shaida mai sa hannu na ƙwarai da ke cewa shi ne 5,001. Kamar katin asibiti ne da aka ba mutum a ranar da fayiloli suka ɓace, daga baya aka buɗe wa wani majinyaci fayil da wannan lamba. Katin ba jabu ba ne, fayil ɗin ma ba jabu ba ne, amma wanda ya miƙa katin za a ɗauko masa tarihin wani. Maganin wannan ɓangare shi ne soke shaidun da abin ya shafa, kuma haka aka yi.

Yanzu sai babbar tambaya: wa ya ba da umarnin? Kundin ayyuka ya nuna an aiko shi da ƙarfe 12:04, amma bai zartu ba sai 12:14. Ba abin mamaki ba ne, domin TRUNCATE na buƙatar ya kulle tebur shi kaɗai, dole ya jira duk masu aiki a kai su saki. Minti goma umarnin na tsaye a layi, a fili, babu wata ƙararrawa da ta san cewa bai kamata ya kasance a wurin ba. A wajen rumbu, wanda ya aiko shi ya zo da suna da kalmar sirri daidai, kuma yana da izinin yin abin da ya nema.

Ma'aikatan suka bi diddigi ta hanyar kundin API, suka kuma samu adireshin IP da umarnin ya fito daga wajen kamfanin da ke riƙe musu rumbun. Sawun bai kai su ga ɓarawo ba. Ya kai su cikin gida, ga gwajin manhaja da ɗaya daga cikinsu ya kunna, da kuma wani ƙaramin kayan aiki na yaren Ruby mai suna Database Cleaner. Aikin wannan kayan kenan: kafin gwaji ko bayansa, ya share teburan rumbun gwaji tas, don kada ragowar gwajin da ya wuce ya gurɓata na gaba. Masu rubuta Ruby na amfani da shi kullum.

Nan ne labarin ya fi ɗaure kai, a ganina. Gwajin nan ba sabo ba ne. Ana kunna shi yau da gobe, Database Cleaner na share teburan gwaji, babu abin da ke faruwa. Ba a rubutun gwajin matsalar take ba. Me ya sa a wannan karon ya nufi rumbun gaske?

Sai a koma ga yadda manhaja ke sanin inda rumbunta yake. A manhaja mai hawa-hawa da aka gina da kyau, hawan tsakiya ba ya ɗauke da adireshin rumbu a cikin rubutunsa. Yana cewa ne kawai a ba shi mahaɗi, wani sashe daban ya karanta saiti ya haɗa shi. Saitin na iya zama a fayil, inda aka ware rumbun gwaji daban, na kwamfutar ma'aikaci daban, na gaske daban. Yana kuma iya zama a muhallin da aka tayar da manhajar, ƙarƙashin suna DATABASE_URL. Layi ɗaya ne tak, kuma ga kamanninsa:

postgres://suna:kalmarsirri@adireshin-saba:5432/sunan-rumbu

Irin rumbun, sunan mai shiga, kalmar sirri, sabar da yake zaune, ƙofar shiga, da sunan rumbun kansa, duk a jere. A manhajojin Ruby da yawa, har da waɗanda aka gina kan Rails, idan wannan layi na nan a muhalli, shi ke rinjayar abin da fayil ya ce. Fayil na iya rubuta "gwaji" ƙarara, manhajar ta bi layin ta tafi wani wuri, ba tare da ta ce uffan ba.

Daga ina layin ya shigo kwamfutar ma'aikacin? Daga wata tsohuwar taga. Masu wannan sana'a na aiki ne a tagar umarni, baƙin allo da rubutu, kuma da yawansu na amfani da tmux, wanda ke ba mutum damar buɗe tagogi barkatai ya bar su a raye kwana da kwanaki, ko da ya juya ga wani aiki. Kwanaki da dama kafin wannan Talatar, an yi amfani da ɗaya daga cikin tagogin wajen duba bayanan rumbun gaske, aka saita DATABASE_URL a cikinta. An gama dubawa, an tafi. Saitin muhalli ba ya gogewa don an gama da shi, yana nan har sai an cire shi ko an rufe tagar, kuma duk shirin da aka tayar daga wannan taga yana gadonsa. A ido, tagar ba ta da bambanci da maƙwabciyarta. Alamar jiran umarni iri ɗaya, launi iri ɗaya. Ma'aikacin ya dawo kanta ya kunna gwaji, gwajin ya gaji layin, Database Cleaner ya nemi mahaɗi aka ba shi, ya yi aikinsa.

Ajiye saiti a muhalli ba sakaci ba ne, koyarwa ce da ta karɓu. Adam Wiggins, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Heroku, ya tsara ƙa'idoji sha biyu na gina manhajar intanet a 2011, kuma ɗaya daga cikinsu ita ce a raba saiti da rubutun manhaja a sa shi a muhalli. Hujjar tana da ƙarfi. Kalmar sirrin da aka rubuta cikin fayil tana bin fayil ɗin duk inda aka kwafe shi, har ta faɗa hannun da bai dace ba. Ina tare da wannan ƙa'ida. Sai dai tana da farashi da ba a cika faɗa ba. Fayil ana karanta shi, abokin aiki ya duba shi kafin a amince, tarihi ya nuna wanda ya canza shi. Saitin muhalli babu mai duba shi. An ɓoye wa kowane hawa adireshin rumbu da gangan don a iya sauya shi cikin sauƙi, sakamakon haka babu hawan da ke da hurumin tambayar ina yake. Kusan shekara guda kafin ɓarnar Travis, ranar 5 ga Afrilu 2017, kamfanin DigitalOcean ya rasa babban rumbunsa na kusan awa biyar, kuma bayanin da ya bayar shi ne wani shirin gwaji ne aka saita da shaidar shiga rumbun gaske.

Abin da ya fi burge ni a rahoton da Travis ya fitar shi ne bai tsaya kan wanda ya danna maɓalli ba. Ya tambayi dalilin da ya sa tun farko ake duba bayanai da mahaɗin da ke da ikon sharewa. Akwai kwafin rumbu na karatu kawai, wanda ko an aika masa TRUNCATE ba zai karɓa ba, amma isa gare shi ya fi wahala, don haka mutane suka saba bin gajeriyar hanya zuwa babban rumbu. Suka sauƙaƙa hanyar kwafin. Suka sa alamar gargaɗi ta riƙa fitowa a tagar umarni idan DATABASE_URL na saite. Suka gyara gwaje-gwajensu su duba wannan saiti kafin su fara. Suka kuma aika wa masu kula da Database Cleaner gyara, wanda ya sa yanzu kayan ke ƙin aiki idan ya ga adireshin rumbu na nesa ne, ko muhallin na aikin gaske ne, sai in mutum ya ba shi izini a fili.

Duk waɗannan na taimakawa, amma suna zaune ne a kwamfutar ma'aikaci, inda sabuwar na'ura ko sabon ma'aikaci ko wani kayan share rumbu daban zai iya tsallake su. Matakin da na fi ba nauyi shi ne wanda aka ɗauka a can ƙasa: sun janye izinin TRUNCATE a rumbunansu. A PostgreSQL wannan izini ne mai zaman kansa, daban da na karantawa, da na ƙarawa, da na gyarawa, da na goge layi. Manhajar da ke hidimar mutane kullum tana buƙatar waɗancan, da wuya ta buƙaci kwashe tebur gaba ɗaya. In an janye shi, ko da wata taga ta sake riƙe layin da bai kamata ba, umarnin zai isa rumbu ne a mayar masa da saƙon cewa ba shi da izini a kan wannan tebur, gwajin ya faɗi a gaban wanda ya kunna shi, teburan kuma su zauna da bayanansu.